Warin fetur a tsohuwar Peugeot 504, amma babu ɗigo a ƙasa

Mai 504, Gwammaja:
Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina neman shawara a kan Fijo 504 salun da mahaifinmu ya bar mana, haɗin Kaduna ce, kuma har yanzu injinta na asali ne mai kafireta. Tun shigowar zafin bana take warin fetur, kuma a hancina warin iri biyu ne. Na farko yana tasowa daga baya, musamman ranar da na cika tanki, har ya shiga cikin mota ya kama kujeru; idan ta kwana a gareji kuwa, da safe sai an bar ƙofa a buɗe kafin mutum ya iya tsayawa a ciki. Na biyu daga gaba yake fitowa idan na kashe ta bayan na sha cunkoso, misali daga Sabon Gari zuwa gida da rana tsaka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Bakanikena ya sauya gaskit ɗin kafireta, wato shimfiɗar da ake sawa a mahaɗa don kada mai ya fita, warin bai ragu ba, yanzu kuma yana cewa a sayi wata kafiretar gaba ɗaya. Kafin in kashe wannan kuɗi ina so in ji daga waɗanda suka san motar, domin yara nake ɗauka a cikinta.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Na yi shekaru ina jan 504 wagon a hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma gaskiyar da na sani ita ce babu motar wancan zamani da ba ta ɗan warin mai, balle a watan Afrilu. Tunda ƙasa a bushe take, ni a ganina ka kwantar da hankalinka, ka daina cika tanki har baki, ka riƙa sauke gilashi. Idan kuma ka ga tankin yana naso ta wani wuri, a zamaninmu sabulun wanki mai tauri muke gogawa a wurin, yana riƙewa har mu isa gida.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da rabin maganarka, amma ka yi mini izini in saɓa maka a ɗaya rabin, domin akwai yara a lamarin. Gaskiya ne cewa kafireta tana da ƙaramin kwanon da take tara mai a ciki, kuma a tsofaffin motoci wannan kwano yana shan iska ta wata kafa, saboda haka idan aka kashe inji mai zafi, zafin ya hau kan kafiretar, man da ke kwanon yakan yi tururi a ji ƙanshinsa na ɗan lokaci a gaban mota. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma warin da zai kwana a gareji har safiya, ya kuma kama kujeru, ba halin mota ba ne, mai ne yake fita ta inda bai kamata ba.

Rashin ganin ɗigo a ƙasa bai wanke motar ba. Fetur yana bin iska da sauri ƙwarai, kuma a garin da zafi yake kaiwa digiri 40 ko ya wuce a bazara, man da ya yi naso a jikin tiyo ko a saman tanki yakan bushe kafin ya taru ya zama ɗigo. Sai dai tururinsa ba ya tashi sama, domin ya fi iska nauyi har ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ƙasa yake kwanciya, ya taru a cikin but, a ƙarƙashin kujera da kusurwar gareji.

Malam Mai 504, abin da ka rubuta ya riga ya yi rabin aikin, domin lokacin da wari yake tashi shi ne yake nuna wurin da za a duba. Warin da yake ƙaruwa idan tanki ya cika, ya kuma ragu idan mai ya sauka zuwa rabi, yana nuni ga saman tanki ne: robar da ke haɗa bakin zuba mai da tankin, ƙaramin tiyon da tanki yake numfashi da shi, gaskit ɗin na'urar da ke aika wa geji yawan mai, da robar murfin tankin kansa. Da ƙasan tankin ne ya huje, da warin ba zai damu da cika ko rashin cika ba, kuma da ka ga jiƙa. Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri 10, wato idan ka zuba lita 50 daga tankin gidan mai da ke ƙarƙashin ƙasa, ka ajiye motar a rana, za ka iya samun ƙarin rabin lita da ke neman wurin zama. Idan akwai tsaga a wuyan tanki, nan zai bi. Sabuwar kafireta ba ta da abin da za ta yi wa wannan wari, domin ita tana gaba, shi yana baya.

Mai 504, Gwammaja:
Na gode, Injiniya. Haka abin yake, idan geji ya sauka ƙasa da rabi warin baya yana raguwa sosai, kuma na lura yana dawowa na ɗan lokaci idan na zagaya shataletale da ɗan gudu. To ta yaya zan gano ainihin wurin, tunda idona ba ya ganin jiƙa?

Tsohon Ma'aikacin Kashe Gobara:
Kafin a amsa maka wannan, ɗan'uwa, bari in roƙe ka abu ɗaya: daga yau ka daina kwanar da motar a rufaffen gareji har sai an gama gyara. Fetur yana ba da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, kuma ba ya buƙatar yawa; idan tururin ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Garejin gidajenmu yawanci nan ake ajiye janareta, nan firiza take, wani lokaci ma kusa da kicin yake, kuma dawowar wutar lantarki cikin dare tana iya tayar da injin firiza babu wanda ya sani. Binciken kuma a yi shi a fili, da safe, inji a sanyaye, da tocila mai batir. Kada a haska da ashana ko laita, kada wani ya tsaya kusa da sigari, kuma kada a yi shi a kan ramin gareji a rufaffen wuri, domin rami shi ne wurin da tururin ya fi taruwa. A cire baƙar wayar batir, wato ta nagetif, kafin a kwance kowane tiyo, a ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi, tunda man yana yawo a samansa.

Oga Kafireta, Ƙofar Ruwa:
Maganar Yallaɓai gaskiya ce, a fara da ita. Ni aikina kenan, kafireta da famfon mai, kuma zan gaya maka yadda muke bin sawu ba tare da mun sayi komai ba tukuna.

Ƙurar garin nan ita ce babbar mai taimakonmu. Kada ka wanke ƙarƙashin motar kafin ka duba. Ka shiga da tocila ka bi layin mai tun daga tanki har inji, kana neman wurin da ƙura ta yi baƙi ta manne kamar an shafa, ko kuma wurin da aka sami wani siririn layi fes a jikin ƙarfe alhali ko'ina ƙura ce. Duka biyun sawun fetur ne. Bayan ka gama kallon farko, sai ka goge wuraren haɗi da tsumma su bushe, ka barbaɗa musu hodar jiki ko garin alli, ka cika tanki, ka ɗan zagaya unguwa, ka dawo ka duba. Inda hodar ta canza launi nan ne. Robar wuyan tanki takan tsage ta sama ko ta bayan da ido ba ya kaiwa, saboda haka ka naɗa farar takarda a yatsa ka shafa ta nan, ka sansana.

Warin gaba kuma sai an bi shi daki-daki. Idan ka kashe inji mai zafi, ka cire tukunyar iska da ke kan kafireta ka leƙa cikin maƙogwaronta. In ka ga mai yana ci gaba da ɗiga a ciki bayan inji ya tsaya, allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa, ko kuma fulot, wato abin da ke yawo a kan man kwanon kafireta yana danna allurar ta rufe, ya huje ya sha mai ya nutse. Idan aka ciro shi aka girgiza kusa da kunne ana jin man a ciki. Irin wannan motar za ka ga fulogi sun yi baƙi, salansa yana baƙin hayaƙi, kuma tana wahalar tashi idan ta yi zafi. Gyaran allura da fulot bai kai kuɗin kafireta ba ko kusa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne famfon mai. Na 504 mai kafireta inji ne yake kaɗa shi, kuma a cikinsa akwai wata fatar roba da ke sama da ƙasa tana jan mai. Idan ta tsage, fetur yana iya gangarawa cikin inji ya haɗu da baƙin mai, ba za ka ga komai a waje ba. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka sansana. In yana warin fetur, ya yi ruwa-ruwa, ko ka ga ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, to kada ka sake tayar da motar sai an sauya famfon an juye baƙin man, domin baƙin man da ya gauraya da fetur cinye inji yake yi.

Tsohon Direba:
Oga, wannan na sandar baƙin mai gaskiya ne, mun ga injin da ya tafi ta haka. Amma har yanzu ina nan a kan cewa sabulu ya fitar da mutane da yawa daga daji, kada yaran yanzu su raina shi.

Injiniya:
Ba a raina shi ba, Baba. Fetur ba ya narkar da sabulu da sauri, shi ya sa yake riƙewa a ƙaramar huda. Amma ruwa yana wanke shi, jijjigar hanya tana karkaɗe shi, kuma ba ya zama a jikin roba mai lanƙwasa. Dabara ce ta wanda mota ta tsaya masa tsakanin Potiskum da Damaturu, ba ta wanda yake cikin garin Kano kusa da kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ba.

Akwai wata dabarar da nake so in gargaɗi kowa a kanta, domin na ga ana yi: a toshe bakin tanki a hura masa iskar mai faci wai don a ji inda yake fita. Tankin mota siririn ƙarfe ne da ba a yi shi don ɗaukar matsi ba, iskar da ke cika taya tana iya kumbura shi ko ta buɗe ɗinkinsa, a koma da matsalar da ta fi ta farko. Haka nan zuƙo fetur da baki ta tiyo, ɗan kaɗan idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kwantar da shi a asibiti.

Hajiya Mai Marsandi:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa Marsandi 230E ce, ƙirar W123, kuma ina so in ƙara magana a kan tiyo, domin a nan ake cutar masu tsofaffin motoci. Tiyon da aka saƙa wa zare a waje yana ɓoye tsufansa, za ka gan shi lafiya a ido alhali robar ciki ta farfashe, man yana jiƙa zaren yana bushewa. Sai an lanƙwasa shi ko an matsa shi da yatsa ake gane ya bushe. Sannan ba kowane baƙin tiyo ne na fetur ba, wani na ruwa ne, wani na iska, ga kuma farin nan na roba da ake sa wa janareta, wanda yake ƙandarewa ya saki bakinsa. Na mai yana da rubutu a jikinsa. Mai lamba SAE J30 R7 na ƙaramin matsi ne irin na kafireta, mai R9 kuma an yi shi don motoci masu injekta, yana ɗaukar matsi mai yawa, kuma tururi ba ya ratsa shi kamar na farkon. A irin motata famfon lantarki ne a ƙarƙashi ta baya, yana tura mai da matsin kusan bar 5, alhali famfon kafireta bai kai rabin bar ɗaya ba, saboda haka tsagar da za ta yi naso a Fijo feshi za ta yi a tawa.

Oga Kafireta, Ƙofar Ruwa:
Hajiya, ranki ya daɗe, maganarki daidai ce, sai dai a kasuwa rubutu ma ana buga shi a jikin na jabu. Ni abin da nake yi shi ne in yanki ɗan guntu in jefa a kwalbar fetur in rufe ya kwana biyu. Wanda ya kumbura ko ya yi laushi har yana manne wa yatsa ba na sa shi a motar kowa. Kuma man da ake sha ma yana da nasa laifin. Kowa ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol ƙasar nan har aka janye shi daga gidajen mai. Irin waɗannan sinadarai suna cin tsohuwar roba, ga kuma na 'yan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya a jarka ba. Motar da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko da ta ƙarshen shekarun 1980 ce, robobinta ba don wannan man aka yi su ba.

Kilif ma, wato maɗaurin bakin tiyo, a duba shi. Wanda aka ɗaure da wayar ƙarfe aka murɗa da filaya yana yanka tiyon a hankali, haka kilif ɗin da ya yi wa tiyo girma ba ya matse shi a zagaye, yana barin gefe guda.

Mai Beetle, Hotoro:
Ga masu Volkswagen Beetle da ke karanta wannan, namu lissafin a juye yake, tanki yana gaba, inji yana baya. Warin da ke shigowa ta wajen sitiyari yawanci daga wuyan tanki ne ko ƙananan tiyoyin numfashinsa. Amma wanda yake ƙona mota yana baya: ɗan bututun tagulla da tiyo yake shiga a jikin kafireta matsa shi kawai aka yi, idan ya tsufa yana iya zarewa, musamman in an rataya masa filta mai nauyi tsakanin famfo da kafireta, sai mai ya zuba kan inji da wayoyin wuta. A kuma duba robar da ke kare bututun mai a inda yake ratsa faifan ƙarfen da ke gaban inji, domin idan ta faɗi ƙarfen yana goge bututun har ya huda shi.

Mai 504, Gwammaja:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na fitar da motar tsakar gida, mun bi ta ni da bakanikena kamar yadda Oga ya tsara. Robar wuyan tanki ta tsage ta sama, kusa da kilif, kuma ƙaramin tiyon numfashi ya bushe har ya karye a hannunmu. Hodar da muka zuba a kan gaskit ɗin na'urar geji ita ma ta jiƙe bayan mun cika tanki. A gaba kuma tiyon da ya fito daga famfo zuwa kafireta mai zare ne, zaren yana warin mai, amma maƙogwaron kafireta ba ya ɗiga, baƙin mai kuma lafiyarsa ƙalau. Sai dai mun ga tsatsa a wani gefen tankin tare da ɗan duhu a wurin, kuma bakaniken yana ganin a sauke shi a kai wa mai walda. Me kuka gani?

Tsohon Ma'aikacin Kashe Gobara:
A nan ne nake so a yi hattara fiye da ko'ina. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin cikakken ba shi da isasshiyar iska a ciki, shi kuwa wanda aka juye cike yake da tururi gauraye da iska. Ɗauraya ɗaya da ruwa ba ta fitar da man da ya shige ɗinkin ƙarfe da cikin tsatsa, zafin walda yana sake tayar da shi. Ni shawarata a nemi wani tankin mai lafiya a sa, ran mai walda ya fi tanki.

Oga Kafireta, Ƙofar Ruwa:
Yallaɓai, ban ƙi ta taka ba, amma tankin 504 da za a samu yanzu yawanci na hannu ne, kuma wani cikinsa ya fi wanda ake gudu tsatsa. Akwai masu gyaran lagireto da suka ƙware a tanki, suna wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, su bar shi a buɗe ya sha iska, sannan su like da dalma da ƙarfen da aka gasa a nesa, harshen wuta bai taɓa tankin ba. Idan huda ɗaya ce, wannan yana yi. Idan kuwa aka kankare tsatsar aka ga wurin ya zama kamar rariya, to ƙarfen ya ƙare, duk inda aka like gefensa zai buɗe, sai sauyi. Kafin a yanke hukunci a kankare wurin da burushin da ba ya tartsatsi, a sa hoda a gani, domin mai yiwuwa duhun na man da ya gangaro daga gaskit ɗin sama ne kawai.

Injiniya:
Ina goyon bayan Oga a kan a tabbatar tukuna, kuma in har za a sauke tankin, a leƙa cikinsa da tocila, domin tsatsar ciki ita ce take zuwa ta tokare allurar kafireta daga baya. Malam Mai 504, tunda tiyo biyu sun nuna tsufa, sauran ma sa'o'insu ne, a sauya duk robobin layin mai a lokaci ɗaya, har da guntayen da ke haɗa bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, tare da sababbin kilif daidai girmansu. Gaskit ɗin geji a sa wanda aka yi don fetur, kada a cike wurin da gam ɗin silikon, domin fetur yana kumbura shi, gutsattsarinsa kuma su bi layi su toshe filta. Filtar roba a ɗaure ta nesa da salansa da wayoyin fulogi.

Bayan an gama, warin zai iya ɗaukar kwanaki bai bar motar ba, saboda shimfiɗar but da soson da ke ƙarƙashinta sun sha tururi. A fitar da su a shanya a inuwa, wanda ya jiƙe sosai a jefar. A duba robar murfin but da ƙananan robobin da ke toshe kafofin ƙasan mota, domin ta nan hayaƙin salansa yake shigowa, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ko kaɗan. Idan an yi mako guda ana hawa, ka sake cika tanki, ka sake zuba hoda a wuraren haɗin, ka ɗan ƙara matse kilif ɗin, domin sabon tiyo yana kwanciya bayan ya sha zafi. Kada motar ta koma rufaffen gareji sai wannan gwaji na biyu ya fito a bushe.